Fentin da Mahaifina Ya Roƙa

Shekarun baya, bayan mahaifina ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya tattara ya koma ɗan gidan da ya gina a Katabu, ya ce ya gaji da hayaniyar cikin gari. Ba a daɗe ba zaman ya ishe shi. Mutumin da ya saba fita da sassafe da fayil a hammata, sai ga shi zaune a tsakar gida yana koya wa mahaifiyata yadda ake shanyar kuɓewa. Ita ce ma ta matsa masa ya nemi abin yi, don ita ma ta samu ta sarara. Shi ne ya sa aka gina masa kwamin siminti guda biyu a bayan gida, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, ya zama mai kiwon kifi.

Ni a lokacin ina aure a Kawo, ina koyar da ilimin sinadarai a wata sakandaren 'yan mata. Shi ya sa yake kirana Malama, rabi girmamawa rabi zolaya. Kusan kowace Asabar nakan shiga motar Katabu in je in gaishe su, kuma kafin in sauke mayafi sai an kai ni bayan gida na ga yadda kifi suka ƙara ƙiba. Ba don riba yake yi ba, don ban ga wata ribar a zo a gani ba. Amma tun da ya fara kiwon nan ya daina zancen ofis, ya koma cin abinci da kyau.

Mahaifina yana da amini guda ɗaya, wani Alhaji mai shagon kayan gini a Babbar Kasuwa. Gidansa yana Kawo, ba nisa da nawa. Tun suna samari suke tare, kuma ni dai har na girma ban taɓa jin ɗayansu ya musa wa ɗaya magana ba. Shi Alhaji mutum ne mai faram-faram, mai son kyauta, in ya ga abu mai kyau sai ya saya biyu. Mahaifina kuwa kara ta yi masa yawa. In ka kwatanta masa hanyar da ba ita ba, ko da ya sani, zai bi ta har sai ka daina hango shi sannan ya juyo, don kada ka ji kunya.

Babbar damuwarsa a kiwon nan ita ce gansakuka. Bangon kwamin ba ya jimawa sai ya yi kore shar, ya yi santsi, shi kuma ya tsani ƙazanta. Sai ya naɗe wando ya shiga da buroshi yana dirza har bayansa ya ƙage. Wata rana Alhaji ya zo ya same shi a haka, abin bai yi masa daɗi ba. Da ya sake dawowa sai ga shi da gwangwanayen fenti a bayan mota. Ya ce ɗansa da ke tuƙa babbar mota daga tashar jiragen ruwa ta Legas ne ya samo su a inda ake gyaran jirage. Fenti ne na ƙasan jirgin ruwa, wanda in aka shafa, ko a cikin teku babu abin da ke tsirowa a kansa. Har ya nuna wa mahaifina hoton kifi a jikin gwangwanin, ya ce ga shi nan ma, na harkar kifi ne.

Mahaifina ya yi godiya har da rakiya bakin titi. Ya kwashe kifin kwami ɗaya ya haɗa su da na ɗayan, ya shafe wanda ya zama fanko da hannunsa. Fentin ja ne mai duhu, mai kauri, warinsa har cikin ɗaki. Bayan hannunsa ya yi ja, ya riƙa ƙaiƙayi har da ƙananan ƙuraje, mahaifiyata ta shafa masa man kaɗanya ta ce siminti ne ya ci shi. Da fentin ya bushe ya ɗauraye, ya cika ruwa, sannan ya zaɓo manyan kifin, waɗanda yake ji da su, ya zuba su a sabon kwamin. Ƙananan ya bar su a tsohon, ya ce su jira layi.

A Asabar ɗin da ta biyo baya na zo na gani. Ni ɗin nan, Malamar sinadarai, mai hana ɗalibai shinshina kwalba a ɗakin gwaji, na tsaya a bakin kwamin na ce masha Allahu, kai ka ce a wani otel ne. Ban tambayi sunan fentin ba, ban nemi ganin gwangwanin ba. Abin da na ce kawai shi ne in ya yi ragowa a ajiye mini, ina da duron ruwa da ya fara tsatsa. Har yau in na tuna wannan maganar sai in yi dariya ni kaɗai.

Kafin in sake zuwa kifin suka daina cin abinci. Suka riƙa tasowa saman ruwa suna tsayawa a miƙe, bakinsu a buɗe. Sai aka fara wayar gari ana tsame matattu. Duk wanda ya san tarwaɗa ya san taurin ranta, kifin da ake barinsa a bokiti ba ruwan kirki ya wuni yana motsi. Mahaifina ya zargi abincin, ya canza. Ya zargi ruwan, ya rage ya ƙara sabo, abin ya ɗan lafa sannan ya dawo. Mahaifiyata ta ce kambun baka ne, don duk wanda ya shigo gidan sai an kai shi ya gani. Da ta kira ni a waya take faɗa mini, sai ta ƙara da cewa abin mamaki ƙananan da ke tsohon kwami lafiyarsu lau, ruwa ɗaya, abinci ɗaya. Ina jin haka sai na tuna da jan fentin nan.

Washegari bayan an tashi makaranta na wuce Katabu, na ce a ba ni gwangwanin. Fenti ya zubo ya rufe rabin rubutun, amma na karanta abin da ya rage. Ga haruffa uku nan, TBT, waɗanda rabona da su tun ina jami'a. Hoton kifin da Alhaji ya nuna kuwa, kifin a kwance yake cikinsa sama, gefensa ga busasshiyar bishiya. Alamar gargaɗi ce, ma'anarta abin da ke ciki yana kashe halittun ruwa.

Na zaunar da su na yi bayani yadda nake yi wa 'yan aji. Na ce a cikin fentin akwai kuza, irin wadda ake haƙa a Jos. Kuza ita kaɗai ba abin tsoro ba ce, ita ake shafa wa cikin gwangwanin madara da na tumatir don kada ya yi tsatsa. Amma in masana suka ɗaura mata wasu sarƙoƙi na sinadarin kabon, sai halinta ya canza gaba ɗaya, ta zama abin da ke narkewa cikin kitse, ya ratsa jikin mai rai ya zauna. Wadda aka ɗaura wa sarƙa ɗaya ko biyu, ana sa 'yar kaɗan a bututun roba don kada zafi ya lalata shi, ana kuma amfani da ita wajen haɗa katifa. Wadda aka ɗaura wa uku, irin ta wannan gwangwanin, da gangan aka yi ta don ta kashe. An tsara fentin ne ya riƙa sakin gubar a hankali cikin ruwa, shekara da shekaru, don kada komai ya maƙale wa jirgi.

Mahaifina ya tambaya, to in haka ne me ya sa ba ya kashe kifin teku, tun da teku cike take da jirage. Na ce ai ya yi ɓarna a can ma, duk da yawan ruwan. A bakin tashoshin jirage an ga matan dodon koɗin teku suna fitar da gaɓar maza har suka kasa yin ƙwai, shi ya sa ƙasashe suka haɗu suka hana shafa shi a jirage. Wataƙila ma hanin ne ya sa ragowar ta zama abin kyauta har ta iso Kaduna. Na ce abin da ya gagari teku, ina ga ɗan kwamin da bai fi ɗaki ba. Na kama hannunsa na nuna masa inda ya yi ja, na ce wannan ma aikin fentin ne. Ga mutum kuwa, in ya daɗe yana shiga ciki, yana taɓa hanta da garkuwar jiki, kuma yara sun fi shiga haɗari.

Mahaifiyata ta so a kama waɗanda ba su mutu ba a yanka a yi banda, a raba wa maƙwabta, don ta ce zubar da abinci ba kyau. Na ce ko kyanwa kada a ba, wuta ba ta fitar da shi daga naman. Aka haƙa rami can ƙarshen fili, nesa da rijiya, aka binne su duka, ruwan ma can aka juye shi. Mahaifina ya tsaya har aka gama mai da ƙasa. Na ji tausayinsa sosai a ranar, don na san ba kifi kawai aka binne masa ba.

Da muka dawo tsakar gida na ce sai a gaya wa Alhaji, yau ba gobe ba. Na tuna wa mahaifina cewa akwai sauran gwangwanaye a gidan Alhaji, kuma da bakinsa ya ce yana so ya shafe tankinsa na ƙasa. Wannan tankin na siminti ne, babba, a tsakar gidansa. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa Kawo ba, don haka in ya zo sai a tara a ciki. Daga nan iyalinsa ke sha, da jikokinsa da suka cika gidan, da maƙwabtan da ke aiko yara da bokiti.

Mahaifina ya ce, “Malama, mutum ya gan ni ina fama da baya, ya ɗauko kaya a motarsa ya kawo mini har gida. Yanzu in je in dube shi in ce ka kashe mini kifi?”

Na ce, “Baba, ba maganar kifi ba ce yanzu, maganar ruwan sha ce.”

Ya ce ya ji, ya kuma fi ni sanin haka, in bar masa wannan a hannunsa. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce kada ya ji maganar nan ta fita daga bakina, ko a wurin Alhaji ko a wurin iyalinsa. Na ce to. A gidanmu in ya ɗaga yatsan nan an gama magana.

Dabarar da ya yi, mahaifiyata ce ta ba ni labari daga baya. Ya sa babbar riga ya tafi Kawo, ya zauna da amininsa suka yi hira, sannan ya sunkuyar da kai ya roƙe shi ya ba shi sauran gwangwanayen duka, ya ce yana da buƙatarsu. Sai wanda ya san mahaifina zai gane nauyin wannan. Mutumin nan ko ashana ba ya aro. Lokacin da albashi ya yi ta makara muna yara, gara ya taka da ƙafa daga ofis zuwa gida da ya ce wa Alhaji rage mini hanya. Amma ya zaɓi a ɗauke shi mai kwaɗayi da ya faɗi abin da zai sa amininsa jin kunya. Ya dawo da gwangwanayen a bayan a-daidaita-sahu, ya kulle su a ɗakin ajiya, ya ce wa mahaifiyata an kashe wutar ba tare da kowa ya ƙone ba. Ni ma da na ji, na ce a raina tsohon nan akwai hikima, na saki jiki.

Bayan 'yan makonni, wata ranar Laraba na taso daga makaranta na biya gidan Alhaji in gaida matarsa da ba ta ji daɗi ba. Ina shiga na ga an kwashe ruwan tankin an cika duro-duro da bahuna, murfin a buɗe, wani magini a ciki yana kankare bango. A jikin katanga kuwa ga sababbin gwangwanaye a jere, irin waɗancan sak, har sun fi na farko yawa.

Alhaji na zaune a kan tabarma yana kallon aiki, fuskarsa cike da fara'a. Bayan mun gaisa ya ce, “'Yata, kin ga abin da babanki ya jawo mini. Abin da Malam ya buɗe baki ya roƙa ai ba ƙaramin abu ba ne. A ranar na buga wa yaron nan direba waya na ce duk inda ragowar take ya kwaso.”

Ya ci gaba da ba ni labari cewa ya faɗa a majalisarsu, kowa yana so, har ya ba ladanin masallacin layinsu gwangwani ɗaya don tankin alwala. Na tambaye shi yaushe za a shafa na gidan. Ya ce in bangon ya sha iska, gobe da safe in Allah ya kai mu. Wata 'yar jikarsa ta zo da kofi ta ɗebi ruwa a baho ta sha a gabana, ta goge baki da hannu ta koma wasa. Na so in faɗa masa a take. Amma na tuna yatsan nan, na kuma lissafa cewa akwai sauran yini, sai na yi sallama a gurguje, ko ɗakin mai jikin ban shiga ba.

Na kira mahaifina a waya bai ɗauka ba, don wayarsa kullum tana aljihun rigar da ya rataye. Na wuce tashar Kawo na shiga motar Katabu, ina zaune ina jin haushin duk fasinjan da ya ce a sauke shi a hanya. Na same shi yana ba ƙananan kifinsa abinci. Na durƙusa na faɗa masa abin da na gani, ban rage komai ba. Abin da ya fara cewa shi ne ko ya sake komawa ya ce a ƙara masa. Na ce ya yafe mini, amma in bai faɗa yau ba, ni zan faɗa kafin a buɗe gwangwanin farko. Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba.

Mahaifiyata tana bakin murhu tana jinmu. Ba ta ko juyo ba ta ce, “Malam, kunyar nan taka ba ita za ta sha ruwan ba.”

Ya ajiye kwanon abincin kifin, ya shiga ɗaki ya sako riga da hula. Ya ce in tashi mu je, tun da ni ce mai karanta gwangwani.

Mun isa bayan la'asar. Aka shimfiɗa musu darduma a gindin katanga, gwangwanayen na gefensu, ni na zauna nesa kaɗan. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Mahaifina ya tambayi kasuwa, ya tambayi mai jiki, ya tambayi ƙafar Alhaji da ke masa ciwo, ya tambayi farashin kwanon rufi, shi da ba gini yake ba. Rana tana ta yin ƙasa. Na yi gyaran murya, ya yi kamar bai ji ba. Allah ya taimaka Alhaji da kansa ya ce, yaya mutanen naka, suna jin daɗin sabon ɗaki?

Mahaifina ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar. Ya ce, “Alhaji, sun mutu. Duk na kwamin da na shafa wa fentin nan sun mutu. Guba ce. Kada ka sa shi a ruwan yaran nan.”

Alhaji ya yi salati a hankali. Ya dubi gwangwanayen, ya dubi tankin, ya kira ni ya ce in matso in yi masa bayani. Na maimaita abin da na faɗa a Katabu, na nuna masa kifin da cikinsa ke sama. Ya riƙe gwangwanin ya daɗe yana kallo. Nan take ya aika a gaya wa magini kada ya zo, ya kuma aika a karɓo na wurin ladan, aka yi sa'a ko buɗe shi bai yi ba. Ya ba mahaifina haƙuri a kan kifin, mahaifina ya ce ba komai, ƙaddara ce. Na ɗauka an gama, har na fara gyara mayafi.

Sai Alhaji ya tambaya yaushe kifin suka mutu. Mahaifina ya faɗa masa. Alhaji ya yi lissafi a ransa, sannan ya ce, ashe ke nan ranar da ka zo nan ka riga ka sani. Mahaifina ya ce ya sani.

Alhaji ya ce, “Malam, tun muna samari nake neman ranar da za ka ce mini Alhaji ba ni kaza. Ranar nan da ka faɗa, na shiga gida na gaya wa Hajiya yau Malam ya ɗauke ni ɗan'uwa. Ashe ba roƙo ba ne.” Ya nuna tankin da haɓa ya ce, “Da yarinyar nan ba ta biyo ba fa?”

Aka kira magariba suka tashi suka tafi masallaci tare, ɗaya na gaba ɗaya na baya. Na raka mahaifina tasha, da zai shiga motar Katabu ya ce in gaida maigidana.

Tankin Alhaji aka wanke shi aka mai da ruwa a kan siminti tsirara, kamar yadda yake tun farko. Gwangwanayen duka, na Kawo da na Katabu, na hana a zubar a kwata, don kwatar Kawo ƙarshenta kogi. Na yi ta tambaya har na samu masu karɓar irin wannan shara ta masana'antu, aka kai musu a rufe. Jan kwamin kuwa aka sassaƙe bangonsa aka kwashe ɓaraguzan, amma mahaifina bai sake yarda ya sa kifi a ciki ba. Itacen girki mahaifiyata ta riƙa tarawa a wurin.

Abin da ya fi daɗewa bai gyaru ba shi ne tsakaninsu. Ba su yi faɗa ba, irinsu ba sa faɗa. In sun haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza suna gaisawa sosai, har fiye da da, kuma duk wanda ya san su ya san yawan gaisuwar nan ba lafiya ba. Motar Alhaji ta daina tsayawa a ƙofar gidanmu na Katabu. Damina ta wuce, aka yi girbi. Mahaifina ya rame, ya koma zama a bakin kwami shi kaɗai, ni kuma na riƙa jin kamar ni na raba su, ko da yake na san in aka sake maimaitawa haka zan yi. Sai wata Juma'a bayan an sauko, ya shirya da kansa ya tafi Kawo, ba wanda ya aike shi. Ban san abin da suka tattauna ba, bai faɗa ba, ban tambaya ba. Na dai san Alhaji ne ya dawo da shi gida a mota, ya kuma zauna ya ci tuwo.

Har yanzu ina koyarwa, kuma duk shekara in mun zo darasin ƙarafa sai na ba ɗalibaina labarin kuza, yadda abu ɗaya yake kare madara a gwangwani, in an ɗaura masa wani abu kuma ya kashe tarwaɗa. Nakan ce musu duk abin da aka ce ba ya barin komai ya tsiro, su tambaya da me yake hanawa, kafin su kai shi kusa da abin sha. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne, a allo ake rubuta shi. Ɗaya ɓangaren ban iya koyar da shi ba, don ni ma ban gama iya shi ba. An raine mu a kan kada mu kunyata wanda ya yi mana alheri, kuma ina ganin tarbiyya ce mai kyau, ba na so 'ya'yana su rasa ta. Amma na ga ranar da kara ta kusa kai guba cikin kofin yara, a hannun mutumin da ban san wanda ya fi shi tausayi ba. Tun daga lokacin, in magana ta shafi lafiyar wani, nakan faɗe ta da wuri, in ya so in ba da haƙuri daga baya.

Mahaifina ya rasu shekaru kaɗan bayan wannan. Alhaji ne ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa tare da 'yan'uwan mahaifina har aka share makoki. Ranar da zai koma gida na fito na durƙusa in yi masa godiya. Ya tsufa sosai a 'yan kwanakin nan, sai da aka riƙe shi ya miƙe. Ya dube ni ya ce ya daɗe yana tunanin maganar fentin nan, kuma yana ganin a ranar bai yi wa Malam adalci ba.

Ya ce, “Sau ɗaya tak ya taɓa roƙona a duniya, shi ma don ni ya yi.”

Na ɗauki takalmansa na juya masa su, ya sa, aka kai shi mota.